Ranar da Na Sa Hadiza Ta Durƙusa

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru a ɗakin ƙofa ranar Sallah, kuna ƙasa da murya don kuna zaton kunnena ya mutu. Bai mutu ba, gwiwoyina ne kawai suka gaji. Kuna cewa Mama ta wulaƙanta Yaya Hadiza a gaban mutanen ƙauye don kada a rufe wa shirinta ƙofa. Babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni, ni kuwa kun san ni, ba na bin mutum da bayanin da bai nema ba. Yanzu da na ajiye aiki, ba ni da abin yi sai korar kaji daga shanya, zan rubuta muku abin da ya faru yadda ya faru.

A shekarar ina riƙe da wani ƙaramin asibiti a nan Hunkuyi, kowa yana kirana Sista, har da tsofaffin da suka haife ni. Kullum sai an kawo mini yaro ko yarinya da suka gama sakandare suna jiran sakamako, uban ya cire takalmi ya ce, Sista a taimaka, wannan likita yake so ya zama. Yawancinsu ba su taɓa ganin maruru ya fashe ba, farar rigar kawai suke sha'awa. Sai ni da wasu abokan aikina na Ikara da Makarfi muka yi shawara mu tara su, mu koya musu awon jini da awon zafin jiki da wanke ciwo da haɗa ruwan gishiri da sukari, sannan mu raba su ƙauyuka su yi damina a can, lokacin da zazzaɓi da gudawa suke kwantar da yara, hanyoyi kuma suke yankewa. Wanda ya jure ya san aikin nasa ne, wanda ya gudu ya hutar da aljihun ubansa. Aka ce ni zan shugabanci abin. Ba don na fi su ilimi ba, don na fi su baki ne, kuma ba na jin kunyar mai unguwa.

Dokokina ba su da yawa. Samari su sauka a shagon ƙofar gidan mai unguwa, 'yan mata kuma kowace a hannun wata tsohuwa mai mutunci. Ba allura, ba rubuta magani. Ku ɗebo ruwa, ku yi surfe, ku gaishe da kowa har ƙasa, ku kalli abin da ke faruwa. Kada ku gyara wa babba magana a gaban mutane. Abin da ya fi ƙarfinku ku kira ni a waya. Kuma kada ku taɓa yi wa mara lafiya ko danginsa ƙarya don ku faranta musu rai. Wannan ta ƙarshen na fi nanatawa, har yaran suna kwaikwayon muryata idan na juya baya.

Yayarku Hadiza tana cikin waɗanda suka gama makaranta a shekarar, ta ce ita ma sai ta shiga. Ta ɗauko bakina, ta ɗauko taurin kan babanku, ta haɗa su wuri ɗaya, ga kai kuma kamar me, abin da na koyar sau ɗaya ba ta sake tambaya. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana ɗaure bakin buhu a zaure ya ce:

“Ki tura ta wajen abokiyar aikinki ta Makarfi. Ku biyun nan ko tuwo ba ku tuƙawa tare maƙwabta ba su ji ba.”

Na ce masa a wurin aiki ni ba uwarta ba ce, Sista ce, kuma haka za ta kira ni. Ya yi dariya ya ci gaba da ɗaurinsa. Na kai ta wani ƙauye a gefen Paki, wanda ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa suna nan da ransu, na sauke ta a gidan Iya Tabawa, ungozomar garin. Na zaɓa mata gidan ne don ya fi kowane gida, duk haihuwar da za a yi a ƙauyen ta hannun Iya za ta bi. Suka shaƙu da sauri. Iya tana kiranta 'yar boko, tana ajiye mata ƙanzo, ita kuma tana yanke wa Iya farce.

A gidan akwai jikar Iya, Rabi, wadda ta dawo wankan gida a haihuwarta ta fari, ta sami ɗa namiji. Ku ƙananan da aka haifa a asibiti ba ku ga wankan jego na gaske ba. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa wa mace har tururi ya rufe makewayi, ta fito ta hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, a miƙo mata ƙwaryar kunun kanwa, haka har ta yi arba'in. Ni ma an yi mini a haihuwata ta fari, na sha kanwa har na ƙoshi, ga ni nan. Mafi yawan mata ba abin da yake samunsu. Amma akwai wadda zuciyarta ba ta ɗaukar nauyin, kanwa ta tara mata ruwa a jiki, zafi ya ƙara mata aiki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gajarta. Matsalar ita ce a ƙauye idan aka ga kumburi sai a ce sanyi ne ya shige ta, maganin sanyi kuwa a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Wata rana da hantsi, an kwana ana ruwa, wayata ta yi ƙara ina tsakiyar awon masu ciki. Hadiza ce. Tun daga kalmar farko na san ba lafiya, don ba Sista ta ce ba.

“Mama, ki zo. Rabi ba ta iya kwanciya, a zaune ta kwana tana tari. Na auna jininta, ya hau sosai.”

“Kin gaya wa Iya?”

Ta ce, “Mun yi faɗa da Iya.”

Na bar asibitin a hannun mataimakiyata, na ɗauki shatar wata motar kasuwa, ta kai ni inda laka ta tsayar da ita, na ce direban ya jira ni ko da zai wuni, na ƙarasa a kan babur. Abin da na fara gani a zauren gidan shi ne jakar Hadiza, an fito da ita an jingine a bango. Tsakar gida cike da mata, waɗanda suka zo barka da waɗanda suka ji hayaniya suka tsallako ta darni. Na yi sallama, aka amsa mini a daƙile. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ba ni labari. Kwana da kwanaki Hadiza tana lallaɓa Iya a rage kanwa, Iya tana cewa to, to, 'yar boko, tana yin abin da ta saba. Da safen nan, ganin kumburin ya hau har gwiwa, Iya ta ƙara garwashi, ta dama kunu mai kauri. Hadiza ta karɓe ƙwaryar ta juye a magudana, ta ɗebi ruwa ta kashe wutar gadon, sannan a gaban duk matan nan ta ce wa Iya za ta kashe Rabi kamar yadda wankan nan ya kashe uwarta. Ni ban ma san zancen uwar ba sai a lokacin. Hajara sunanta, 'yar Iya mace tilo, ta rasu cikin jegon haihuwar Rabi, da irin wannan kumburin. Iya ce ta raini Rabi tun tana cikin tsumma.

Na shiga ɗakin mai jegon. Tana zaune ta jingina da bango, bakinta a buɗe, jijiyar wuyanta ta tashi tana harbawa, na danna ƙaurinta yatsana ya bar rami. Na sa kunne a bayanta na ji ruwa. Na sha ganin irin wannan, kuma na san ba ciwon gobe ba ne. Dole ta kwana a babban asibiti a Zariya, in ba haka ba ban ba ta tabbacin ganin wata Juma'a ba.

“Rabi, mota tana bakin hanya. Ki daure mu tafi.”

Da ƙyar ta haɗa maganar. “Sista, in Iya ba ta ce in tashi ba, ba inda za ni. Ita ce uwata.”

Na fita wajen mijinta, Sale, yana tsugune a ƙofar gida da fartanyarsa, laka har gwiwa, idanunsa sun yi ja. Ya ce, “Sista, a gidan surukai nake, ni ba ni da baki. Abin da Iya ta ce shi ke nan.” Mai unguwa yana gona, kuma ko yana nan na san amsarsa, zai ce maganar jego ta mata ce. Ina iya kai ƙara Ikara a zo da hukuma, amma kafin a zo rana ta faɗi, kuma mace mai irin wannan zuciyar ba a jan ta tana kuka tana turjewa. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma tana zaune a ɗakinta ta juya wa ƙofa baya.

Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Na gaishe ta da kwana, da ruwa, da mai jego, da jariri, da gajiyar hidima, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta amsa kowace gaisuwa ba ta juyo ba. Da na gama na ce jinin Rabi ya hau, ina neman izininta in kai ta a duba. Da ta yi magana, ba da faɗa ta yi ba. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

“'Yar nan, ni na hura wa Hajara wuta. Ni na dama mata kunu da hannuna. Tun ranar da aka fita da ita nake gaya wa kaina kwananta ne ya ƙare, da haka nake samun barci. Yau 'yarki ta tsaya a tsakar gidana ta ce ni ce. In na bari kika fita da Rabi yanzu, na amsa ke nan. Gobe wace mace za ta bari in taɓa cikinta? Ni kaina yaya zan kwana da kaina?”

“Iya, me zan yi ki yarda?”

“Bakin da ya faɗa shi zai janye. A inda ya faɗa, a gaban waɗanda suka ji. Ta ce ba wanka ne ya kashe Hajara ba.”

Na sami Hadiza a bayan rumbu, ta cika tana batsewa, hawaye ya bushe a fuskarta. Da ta gan ni sai ta miƙe da sauri, don ta ɗauka na zo in tsaya mata. Wannan kallon har yau yana damuna. Na gaya mata abin da Iya ta nema.

“Ƙarya kike so in yi?”

“So nake Rabi ta shiga mota.”

“Ke kika ce kada mu taɓa yi wa dangin mara lafiya ƙarya don mu faranta musu. Kullum sai kin faɗa. Zan ba ta haƙuri a kan kunun da na zubar, zan ba ta haƙuri a kan ɗaga murya. Amma ba zan ce ba wanka ba ne. Kin san shi ne.”

“Ba mu ga Hajara ba, Allah kaɗai ya san abin da ya ɗauke ta.”

“Mama, kalle ni ki sake faɗa.”

Ban sake faɗa ba. Daga ɗakin muna jiyo tarin Rabi. Hadiza ta goge hanci da bakin hijabinta ta ce:

“A matsayin wa kike umartata? Sista ko uwata?”

Na gane abin da take nufi. In Sista ce, Hadiza tana iya ce mata a'a ta ɗauki jakarta ta bar shirin da mutuncinta. Uwa kuwa ba a ce mata a'a. Ni da na yi wa babanku alfaharin cewa a wurin aiki ba ni da 'ya, na buɗe baki na ce:

“Uwarki. Da nonon da na ba ki nake ce miki ki je ki durƙusa.”

Ta je. Iya ta fito ta zauna a kan turmi, mata suka yi da'ira, har masu leƙe ta kan darni. Hadiza ta durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kusa da inda kunun da ta zubar yake kwance kaji suna tsattsaga. Ta ce Iya ta yafe mata, ta yi rashin kunya, kuma abin da ta faɗa ba gaskiya ba ne, ba wanka ne ya kashe Hajara ba. Na kalli fuskar Iya na ga bai isa ba, tana jira ta ji daga bakin babba. Sai na ƙara da nawa. Na ce wa matan yarinya ce, ba ta san komai ba tukuna, karatun littafi ne ya hau mata kai, ni da na tsufa a aikin nan ban taɓa cewa Iya ta yi kuskure ba. Wasu suka yi dariya. Hadiza ba ta ɗago ba, amma na ga wuyanta ya sandare. Ita ce ɗalibar da ta fi kowa a hannuna, ita ce ta ga abin da ungozoma mai shekaru ba ta gani ba, kuma na tsaya a kanta na ce ba ta san komai ba.

Iya ta ce, “Tashi, 'yar boko, na yafe.” Ta shiga ta ɗauko mayafinta, ta goya jaririn da kanta, ta leƙa ɗakin ta ce, “Rabi, tashi mu je. Jininki ne ya hau, in ji Sista.”

Sale ya ɗaura shanu a amalanke, muka shimfiɗa tabarma, muka bi ta cikin laka zuwa inda mota take. Tunda Rabi ba ta iya kwanciya, sai an riƙe ta a zaune. Hadiza ce ta zauna a bayanta ta rungume ta, ta zama mata bango, daga ƙauyen har Zariya. Duk ramin da motar ta faɗa tana cewa sannu Rabi, ja numfashi a hankali. Ni ko sau ɗaya ba ta kalle ni ba. Rabi ta yi makonni a asibiti, ruwan ya sauka, ta rayu, ɗan nata yanzu ya isa riƙe garma. Likita ya hana ta kanwa da gadon wuta, ni kuma na fassara wa Iya cewa masu hawan jini ba a ba su kanwa. Ta karɓa a haka. Ba ta taɓa cewa ta gane wani abu ba, ni ma ban taɓa neman ta ce ba.

Hadiza ba ta koma ƙauyen ba, ba ta koma shirin ba. Ta shiga ɗaki ta rufe, kun tuna, ku kuna ƙanana kuna kai mata abinci yana dawowa. Babanku ya same ni a madafa ya ce:

“An ce a gaban mutane kika ce ba ta san komai ba.”

“An gaya maka kuma Rabi tana numfashi?”

“An gaya mini. Amma ita Rabi tana da kaka mai tsaya mata. Taki 'yar wa ya tsaya mata?”

Raina ya ɓaci, na yi masa tsawa, na ce ya koma wajen buhunansa. Amma maganar ta shige ni. Bayan 'yan kwanaki Hadiza ta nemi izinin ubanta ta koma Makarfi wajen Goggonku, daga can ta sami makarantar ungozoma, daga can ta yi aure. Shirin ya ci gaba shekaru, ƙauyen bai rufe mana ƙofa ba, har Iya tana aiko mini da kuka da daddawa tana tambayar 'yar boko. Daga nan ne aka samo zancen cewa don shirin na yi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da ƙofar ta zauna a buɗe, yara da yawa sun koyi aiki ta cikinta. Amma a bayan rumbun nan shirin bai zo kaina ba ko kaɗan. Tarin nan kawai nake ji. Kuma in aka mayar da ni wurin yau, abin da na yi shi zan sake yi.

Kun san yayarku ba ta taɓa yi mini rashin ladabi ba. Tana gaishe ni har ƙasa, tana aiko da maganin gwiwa, ita ta fara zuwa ranar rasuwar babanku. Sai dai aiki ɗaya muke yi da ita, amma ba ta taɓa kawo mini zancen aiki ba. Ko haihuwa mai wuya ta karɓa, a bakin wasu nake ji. In na tambaya sai ta ce lafiya lau, Mama, ta canza magana. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Sau ɗaya kawai muka taɓa maganar, lokacin da ta zo gida haihuwarta ta fari, ina gasa mata jiki da ruwa mai ɗumi. Na ce mata ta yi haƙuri da abin da ya wuce.

“Ba haƙuri nake nema ba, Mama. Na san dalilinki, da ni ce ma wataƙila haka zan yi. Amma a gaban mutane kika ƙaryata ni. In za ki gyara, a gaban mutane za ki gyara.”

Na ce mata ba zan iya ba muddin Iya tana raye. Magana daga Hunkuyi zuwa Paki ba ta wuce cin kasuwa ɗaya, kuma ba zan ƙwace wa tsohuwa abin da take kwana da shi ba. Hadiza ta ce to, ta juya ta ba jaririnta nono. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka, muka yi ta tafiya shekara bayan shekara.

Iya Tabawa ta rasu a daminar da ta wuce. Rabi ce ta kira ni, na je gaisuwa, na zauna a tsakar gidan nan, an ce ta cika cikin barcinta lafiya lau. Allah ya yi mata rahama, ta riƙe 'ya'yan mutane da amana gwargwadon abin da ta sani.

Saboda haka ku karanta wannan da ƙarfi idan kun taru, da matanku da mazanku da 'ya'yanku, yayarku tana zaune. Hadiza, abin da kika gani a jikin Rabi daidai kika gani, kuma ba don ke ba da an binne ta. Abin da na sa kika janye gaskiya ne, kuma na san gaskiya ne a lokacin da nake ce miki ki durƙusa. Da na ce ba ki san komai ba, ƙarya na yi. A duk yaran da suka bi ta hannuna babu kamarki.